Kulocin Yari Ba Shi da Wasa

Ni ce Fatu mai tuwo a tashar Sabon Birni, kuma in dai zancen ƙanena Yari za a yi, to a bar ni in yi shi da bakina. Na gaji da jin shi a bakin 'yan tasha. Su ne suka yi ta tafa mashi hannu har ya faɗa rami, yau kuma su ne masu girgiza kai suna cewa ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, ban musa ba. Amma wagga ƙaddara da 'yan rakiya ta zo, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya.

A Unguwar Lalle aka haife mu. Yari yana rarrafe zazzaɓi ya kama shi, da ya tashi sai ƙafar hagu ta shanye. Ba ta mutu duka ba, tana takawa, sai dai ta fi 'yar'uwarta gajarta da sirantaka, in yana tafiya sai ya riƙa karkacewa gefe guda. Ni na goye shi har ya yi wayo, don haka babu wanda za shi gaya mani halin shi. Babanmu, Allah ya jiƙan shi, ya duba ya ga gona ba ta Yari ba ce, sai ya damƙa shi ga malamin unguwarmu, yana fatan wata rana ya ga ɗan shi zaune a zaure ana ɗaukar karatu. Ya yi karatun, ya sauke, ba a ce ba shi da kai ba. Amma in mota ta wuce ta bakin gari, ko a tsakiyar aya yake sai ya ɗaga kai ya bi ta da kunne.

Abin da Yari ya tsana a duniya shi ne sannu. Ka zage shi, ku yi dariya tare. Ka ture shi, ya tashi ya rama. Amma ka dubi ƙafar nan ka sassauta murya ka ce mashi sannu, to kun ɓata. Wata tsohuwa baƙuwa ta taɓa miƙa mashi sadaka a ƙofar masallacin Juma'a, alhali shi jiran abokin shi yake yi. Ya dawo gida ya juya fuska ga bango, tuwon ranar ni na cinye shi.

Da aure ya kawo ni Sabon Birni na kafa tukunya a tasha, sai ya biyo ni ya zama ɗan kamasho, mai kiran fasinja yana cika motocin wasu. Shekaru ya yi yana wannan ihu. A nan ya koyi tuƙi, yana matsar da motoci in layi ya motsa, zaune a bakin kujera, ya murɗe ƙugu don ƙafar hagu ta kai inda ake so. Ga wanda bai sani ba, motar da ake sa wa giya da hannu tana da abin takawa guda uku. Totur da birki na ƙafar dama ne. Kuloci kuwa na hagu ne shi kaɗai, kuma sai an danna shi har ƙasa kafin giya ta shiga. Wato duk ƙarafan da ke cikin mota, guda ɗaya aka ware wa ƙafar da Yari ba shi da ita sosai, kuma shi ne mafi nisa. Motocin da ke canza giya da kansu akwai su a birni, amma bas irin wannan ba ta bin hanyarmu, in ma ta bi babu mai gyara ta.

Da Baba ya rasu aka raba gado, Yari ya sayar da rabon shi na gona ya sayi tsohuwar bas fara. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce mashi gona ba ta tsayawa a hanya, gona ba ta neman taya. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Yaya, gonar da ban iya nomawa mi za ta yi mani? Ni so nake in zauna gaba in riƙe sitiyari, a ce direba ya zo." Na dubi fuskar shi, na san ba kuɗi yake nema ba, kujerar nan yake nema.

Sai dai kujerar ba a hannun shi kaɗai take ba. Shugaban direbobin layin Isa, Alhaji Attahiru, shi ke sa mota a layi, shi ke cire ta. Mutum ne mai sanyin baki, irin wanda za shi yanka ka yana tambayar ka lafiyar iyali. Ya tara manyan direbobi a rumfar shi, ya ce ba ya hana bawan Allah neman abinci, amma kowa ya san yadda hanyar Isa ta koma a shekarun nan. Ba hanyar da mota za ta mutu da mata da yara a tsakar daji ba ce. Ya ce, "Yari, za mu sa ka. Amma ranar da motarka ta tsaya da fasinja a daji saboda ƙafarka, ka sauka kenan. Motar ta ci gaba da lodi, wani ya ja." Yari ya ce ya yarda. Ina daga rumfata ina tuƙa tuwo na ji komai.

Yanzu bari in kawo Raufu. Sunan shi Abdulrauf, Bayarabe ne, bakanike, garejin shi na bayan tasha, ƙofa da ƙofa da rumfata. Ya daɗe a garin nan har Hausar shi ta fi ta wasu 'yan gari. To mu Gobirawa ne, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin Bagobiri da Bayarabe. Wasa ne tun na kakanni. Ba a gaisawa da ladabi, ba a fushi, kowa ya ce ɗayan bawan shi ne. Raufu in ya hango Yari sai ya ɗaga murya, "Ga bawana mai ƙafa ɗaya da rabi. Zo ka share mani gareji." Yari ya ce, "Rufe mani baki, barkono ya ƙone maka hankali. Ubangidanka ya iso, kawo kujera." Duk faɗin Gobir, Raufu kaɗai ke taɓa zancen ƙafar nan Yari ya yi dariya har da hawaye. Ya taɓa gaya mani dalili. Ya ce Raufu ne kaɗai bai taɓa kallon shi da tausayi ba.

Rashin sa'a, lokacin da bas ta iso Raufu ya tafi garinsu yin babbar Salla, ka san su ba sa wasa da layya a gida. Yari kuwa ba ya iya jira. Ya fara ɗaura guntun icce a kan kulocin da robar tsohon tub na taya, iccen ya riƙa zamewa. Sai ya tafi Isa wurin wani mai walda, Usaini, wanda aikin shi ƙofofi da tagogi ne da amalanke. Usaini ya samo ƙarfe mai kauri ya lanƙwasa, ya liƙa a kan abin takawar, ya taso da shi sama ya matso da shi kusa da ƙafar Yari. Ƙafa ta kai. Amma kaiwa daban, dannawa har ƙasa daban. Giya ta riƙa ƙara tana ƙin shiga. Da mutumin kirki ne sai ya ce nan iyakacin sanina, jira bakanike. Shi kuwa ya kwanta ƙarƙashin mota da sifana, ya samu notin da ke daidaita kuloci, ya yi ta ɗaure shi har ya zama da an ɗan taɓa ƙarfen sama-sama giya ta faɗa. Yari ya dawo Sabon Birni yana ta hon tun daga bakin gari. Har yau in na wuce shagon Usaini ba na gaishe shi, kuma ya san dalili.

Ba za ni ɓoye ba, watannin farko na ji daɗi. Ƙanena ya sayi hula sabuwa, ya riƙa zuwa da asuba yana wanke bas da kan shi. Ba ya gudu, ba ya cusa fasinja kamar buhunan gero, tsofaffi suka riƙa jiran lodin shi. Matan garin Kurawa masu zuwa kasuwa sukan ce su motar Yari suke so. Ya yi aure a shekarar, ya auri Hadiyya, yarinya mai haƙuri. In ya shigo tasha ya kashe mota, yakan ɗan jima zaune hannu a kan sitiyari kafin ya sauko, don a kan kujerar nan babu wanda ya fi shi tsawon ƙafa.

Raufu kuwa, tun ranar da ya dawo daga Salla ya leƙa motar, ya sa hannu ya taɓa ƙarfen. Ina kallon shi, fuskar shi ta canza. Amma tasha cike take, direbobi na zaune a bencina suna cin tuwo, kuma bakin da ya saba da tsiya ba ya iya fara magana da sallama. Ya ce, "Bawana, wane maƙerin garma ya yi maka wanga aiki? Kulocinka ba shi da wasa."

A bakin makanikai, wasa shi ne ɗan sakin da ake bar wa kuloci a sama, wanda in ka taka za ka ji ya tafi a banza kafin ya fara aiki. Wannan ɗan sakin shi ke bari kuloci ya huta in an ɗaga ƙafa. Ni ma daga baya na san haka, kuma da tsada na sani. Yari ya san kalmar sarai, ba baƙo ba ne a tasha. Amma Bayarabe ne ya faɗa, a gaban mutane, kuma amsa ta zo mashi a baki mai daɗi. Ya ce, "Kulocin Bagobiri ne, ina shi ina wasa da Bayarabe?"

Benci ya ɗauki dariya. Wani har ya ƙware da miya. Raufu ya ce, "Wallahi ba wasa nake ba." Yari ya ce, "Na sani. Kai da kulocin duk ba ku da wasa, ku je ku yi zumunci." Aka sake tuntsirewa. Kafin la'asar maganar ta zaga tasha, kafin mako ta kai Isa. Wani mai fenti ya ce a kawo ya rubuta a bayan bas kyauta, aka rubuta da jan fenti: Bagobiri Ba Ya Wasa. To ka gaya mani, mutumin da aka rubuta wa amsar shi a bayan mota, ta yaya za shi koma ya ce a sassauta noti?

Washegarin ranar da aka yi dariyar nan, da hantsi, da tasha ta yi sauƙi, Raufu ya zo rumfata shi kaɗai. Ni ma Bagobira ce, ni ma baiwar shi yake ce mani, amma ranar bai ce ba. Ya zauna ya yi mani bayani dalla-dalla. Ya ce akwai faranti a tsakanin inji da giya, shi ke kama ƙarfin inji ya kai wa taya. In an ɗaga ƙafa, dole farantin ya kama gam. Yadda Usaini ya ɗaure notin nan, farantin ba ya kamawa duka, kullum yana ɗan zamewa yana gogar ƙarfe, ga nauyin ƙarfen da aka liƙa yana ƙara danna shi. Babbar matsalar kuma, ƙafar Yari ba ta kai daɓen mota, ba ta da wurin hutawa, don haka daga Sabon Birni har Isa a kan kuloci take kwance. Ya ce kamar a bar tukunya a wuta ne ba ruwa, ba za ta fashe yau ba, amma tana ci.

Na ce to mi ne magani. Ya ce mai sauƙi ne. A matso da kujera gaba a ɗan sauke ta, a ɗaga daɓen da katako inda diddige za shi zauna, a kafa ɗan mataki a gefen kuloci inda ƙafar za ta huta, a sa ƙarfe mara nauyi, sannan a mayar wa kuloci da wasan shi. Ya ce shi za shi yi, ko sisi ba ya so. Har ya riga ya sassaƙa matakin tun jiya da yamma, ya nuna mani shi, ɗan katako mai kyau da ƙarfe biyu na ɗaurewa.

Na kira Yari na gaya mashi, ban rage komai ba. Ya saurara yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Ƙarfen Usaini a ƙarƙashi yake, babu mai ganin shi. Wanga kuwa duk wanda ya zauna gaba sai ya gani. Kujera a manne da sitiyari, ga katako, ga mataki. Kowa ya shiga sai ya ce sannu direba." Na ce gara a ce maka sannu kana tuƙi da a ce maka sannu kana tsaye. Na ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya ce, "Yaya, ke ma Bayarabe ya saye ki da manja?" Ya ɗauki hular shi ya fita. Da ba don girman da Allah ya ba shi ba, da muciyar da ke hannuna ta sauka a bayan shi.

Raufu ya rataye matakin a ƙusa a bangon gareji. Yari ya sa mashi suna kujerar amarya. Kullum in ya wuce sai ya tambaya ko amaryar ta iso, Raufu kuma, maimakon ya ɗaure fuska, sai ya ce tana jiran ango mai ƙafa ɗaya da rabi. Wannan shi ne laifin Raufu, kuma na gaya mashi a gaban idon shi. Ya san gaskiya, ya ga abin da ke zuwa, amma da Yari ya jefo tsiya sai bakin shi ya cafe kafin hankalin shi ya iso.

Mota ta fara magana da kanta. Da farko wani ɗan kuka ne siriri daga ƙasa, Raufu ya ce boris ne ke ci, wanda ke tura farantin, don ba ya samun hutu. Yari ya ce motar ɗan malamai ce, tilawa take. Sai ƙauri ya biyo baya, in an hau tudu da kaya ka ji wari kamar an ƙona tsumma da roba. Sai ya zama in ya taka totur inji ya yi ruri amma gudu ba ya ƙaruwa. Farantin farko ya cinye kafin damina ta fita. Raufu ya sa sabo, ya sassauta notin ya mayar da wasan, bai gaya mashi ba. Yari ya shiga, ya taka, giya ta ƙi shiga don ƙafar ba ta kai ƙasa, mota ta yi ta gurnani a tsakiyar tasha mutane na kallo. Ya fito fuska a murtuke, ya ce Bayarabe ya yi mashi tsiyar da ta wuce wasa. Da kyar ya lallaɓa ta zuwa Isa, Usaini ya sake ɗaure notin, har ya ƙara.

Direbobin nan da ke cin tuwona kullum, babu wanda bai san ƙaurin kuloci ba. Hancinsu ya fi na kowa sanin shi. Ko ɗaya bai ja shi gefe ya ce Yari, Raufu gaskiya ya faɗa ba. In ya shigo sai su ɗaga hannu su ce Bagobiri ba ya wasa. Alhaji Attahiru kuwa yana rumfar shi da carbi, yana jin warin, yana jira. Ɗan ƙanwar shi Nasiruddeen ya daɗe da iya tuƙi ba shi da mota. Ban ce Alhaji ya yi addu'ar mota ta mutu ba, Allah ya sani. Na dai ce bai buɗe baki ba.

Ranar da abin ya faru ina cikin motar. Da kaka ne, na je Isa sayen manja da kayan miya, muka taso bayan azahar, don yanzu kowa so yake la'asar ta same shi cikin gari. Mota cike, ga buhunan gero a baya. Akwai wani wuri da ruwan damina ya cinye kwalbati, motoci ke sauka cikin rafi su ratsa yashi su haura. Ba gari kusa, gonaki ma an daina noma su a wajen. Muka sauka lafiya. A tsakiyar yashin mota ta yi nauyi, Yari ya sa giya ta ɗaya ya taka totur. Inji ya yi ruri, taya ba ta ko juya ba. Ya sake. Hayaƙi ya taso ta ƙarƙashin ƙafafunmu, ƙaurin ya cika mota har yara suka fara tari. Ina zaune kusa da shi, na ga ya kama gwiwar hagu da hannu ya ɗaga ƙafar sama gaba ɗaya daga kan ƙarfen, ya riƙe ta a iska, yana taka totur da dama. Amma farantin ya riga ya ƙare, babu abin da za shi kama.

Ya kashe inji. Babu wanda ya yi ihu, kowa sai kallon bakin daji yake. Wata mata ta toshe bakin jaririnta da nono tana salati a hankali. Maza suka sauka suka tura, mota ta ƙara nutsewa. Wayoyi babu sabis. Daga nesa muka ji ƙarar babura, wata yarinya ta saki fitsari a tsaye. Allah ya rufa asiri, 'yan kasuwa ne masu ɗaukar kaya, su suka kwashi mata da yara kaɗan-kaɗan, sauran muka taka da ƙafa har inda muka samu motar da ta tsaya mana. Yari ya ƙi barin bas, sai da na kama rigar shi na ja. Muna haurawa daga yashin yana ɗingishi, wani dattijo cikin fasinja ya dafa kafaɗar shi ya ce, "Sannu, ɗana. Ba laifinka ba ne, lalura ce."

Alhaji Attahiru bai yi faɗa ba. Ya tara mutane a rumfa ya tuna wa Yari alkawari, da muryar nan tashi mai laushi. Na bar tukunya a wuta na shiga tsakiyarsu. Na ce ba ƙafa ta tsayar da mota ba, noti ne, kuma ga Raufu nan ya faɗa. Raufu ya tashi ya faɗa, ya ce in an bar shi ya yi aikin da ya ce tun farko, ya ɗauki alhakin motar ba za ta sake yin haka ba. Alhaji ya ce, "To notin don mi aka ɗaure shi, Fatu?" Kowa ya san don ƙafar aka ɗaure shi. Ya ce ko shi ya yarda, fasinja sun riga sun ji labari, babu matar da za ta sake sa ɗiyanta a motar. Masu cewa Bagobiri ba ya wasa duk suna nan zaune, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Na gaya masu abin da na gaya masu, wasu har yau ba su dawo cin tuwona ba, kuma ban yi kewar su ba.

Aka jawo bas, Raufu ya gyara ta, aka ba Nasiruddeen. Dogo ne, gwiwar shi na bugun ƙarfen Usaini, don haka abu na farko da ya sa aka yi shi ne yanke shi. Rubutun baya bai goge ba, ya ce yana jawo fasinja. Motar ta Yari ce har gobe, ana kawo mashi abin da ta samo, Hadiyya da jaririyarsu ba su kwana da yunwa. Masu cewa ai bai yi asara ba, ga mota ga abinci, su ne ban iya haɗa ido da su don kada in yi abin da za a kai ni gaban hakimi.

Yari ya yi makonni a gida bai leƙo tasha ba. Ranar da ya fito, ya zo ya zauna a bencina, ya ci 'yar loma, sannan ya miƙe ya nufi gareji. Na bi shi da ido, na ga yana gyara hula, na san tsiya ya haɗo tun daga gida. Ya tsaya a ƙofa ya ɗaga murya yadda ya saba, ya ce, "Ina bawan nan nawa? Ubangidanka ya dawo."

Raufu ya fito daga ƙarƙashin wata mota. Ya goge hannu da tsumma, ya jima yana gogewa. Sannan ya jawo benci ya kakkaɓe shi, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Yari. Zauna ka huta. Ya gida?"

Yari bai zauna ba. Ya dubi bencin, ya dubi bango inda matakin nan ke rataye har yanzu, ƙura ta rufe shi. Ya ce, "Wa ya mutu, Raufu?" Raufu ya ce babu kowa. Yari ya ce, "To zage ni mana." Raufu ya buɗe baki, na ga leɓen shi na motsi, amma babu abin da ya fito. Ya sunkuyar da kai yana murza tsumman. Yari ya ɗan jira, sannan ya juya ya bi ta bayan rumfuna, bai biyo ta wurina ba.

Na cire icce daga wuta na tafi garejin. Na ce, "Raufu, ka kira shi mai ƙafa ɗaya da rabi ko in juye maka tukunyar miya a ka. Lokacin da ya kamata ka yi magana ta hankali ka tsaya tsiya, yanzu da tsiyar kaɗai ta rage mashi ka zo mani da ladabi?" Ya ce, "Fatu, na gwada. Da na buɗe baki sai in ga motar nan cikin yashi."

Yari ya koma kamasho. In ka zo tasharmu da safe za ka ji muryar shi, yana kiran Isa, Isa, yana cika farar bas mai jan rubutu a baya, in ta cika ya buga mata gefe Nasiruddeen ya ja. Hanyar gidan shi ta gaban gareji ta bi, amma yanzu ta bayan masallaci yake zagayawa, ga nisa ga rairayi, da ƙafar nan tashi.